Sau biyu ina ɓari, yanzu ga wani cikin: me zan yi?

Maman Khalil, Kofar Kaura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ba ni shawara. Bayan haihuwar Khalil na yi ɓari sau biyu. Na farko cikin wata biyu ne, jini da ciwon mara, aka yi mini wankin ciki. Na biyun ne ya girgiza ni: wata biyar, ina wanke-wanke da safe kawai na ji ruwa ya fashe, ba naƙuda ba ciwo. Yanzu ciki ya kai sati 7, shekaruna 36. Surukata ta ce daka da ɗiban ruwa ne, ta hana ni ɗaukar ko bokiti. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Ungozoma, Daura:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa masu ceto ne. Ɓarin nan biyu ba iri ɗaya ba ne, kada a haɗa su. Yawancin ɓari a sati 12 na farko yake faruwa, kuma kusan rabinsa daga halittar ɗan tayin ne tun farko, ba laifin uwa ba, ba daka ba. Haɗarin yana ƙaruwa idan mace ta haura 35. Wasu da muke karɓa kuma zazzaɓin cizon sauro ne da aka bari ya yi tsanani, ko ciwon suga da ba a kula da shi ba.

Amma na wata biyar ɗin nan da ruwa ya fashe babu ciwo, shi ya fi tsaya mini a rai. Yana kama da raunin bakin mahaifa, inda yake buɗewa da kansa idan ciki ya yi nauyi. Kada ki jira wata huɗu kafin ki fara awo kamar yadda matanmu suka saba. Ki je asibitin mata da yara na Turai 'Yar'adua da ke Katsina cikin makon nan, ki ga likitan mata, ki ba shi labarin kamar yadda kika ba mu. Idan ya tabbatar, ɗinkin bakin mahaifa ake yi tsakanin sati 12 zuwa 14.

Ummu Hanan:
Ni aka yi wa ɗinkin nan, aka kwance da na kai wata tara. Ga Hanan tana aji biyu. Ki daure ki je, Yaya. Kuma ki bar jiƙe-jiƙen da za a riƙa kawo miki.

Maman Khalil:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, me zan gani in san na gaggawa ne?

Ungozoma, Daura:
Jini, ruwa, zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya: ko tsakar dare ne ku tafi asibiti. A duba miki rukunin jini da suga, ki ci gaba da shan folic acid (ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki), ki riƙa kwana cikin gidan sauro. Ki tafi da maigida ranar awon, ya ji daga bakin likita, shi zai fi iya yi wa Hajiya bayani.