Wuyan yaro ya murɗe bayan allurar amai: gamo ne ko magani?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Malaman asibiti, a taimaka mana. A ƙauyukanmu yaro kan yi ta amai, a kai shi kemis a yi masa allura, washegari wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito, ko ruwa ya kasa haɗiya. Sai a ce gamo ya yi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara tambayar sunan allurar. Galibi metoclopramide ce, wadda aka fi sani da Maxolon ko Plasil. Tana tare aikin dopamine, sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki, shi ya sa tsokokin wuya, muƙamuƙi da ido suke ɗaurewa. Wannan murɗewar yakan taso cikin awoyi zuwa kwana uku bayan allurar, ya kuma fi kama yara da 'yan mata.

Inda ake yawan yin kuskure: kwalbar allura ɗaya miligiram 10 ce, wato awon babba. Na yaro da nauyinsa ake lissafawa, miligiram 0.1 zuwa 0.15 a kowane kilo. Mai kilo 20 bai wuce miligiram 3 ba. A zuƙe masa kwalbar duka, an ninka masa sau uku har da ɗori. Jaririn da bai shekara ba kuwa, ba a ba shi sam.

Likitan Karkara:
Don Allah kada a ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu. Maƙogwaro ba ya aiki daidai, huhu zai zarce. A daina maganin, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar ko kwalin a nufi babban asibiti. Can za a yi masa allurar da ke sassauta tsokar, yakan saki cikin mintuna, a biyo da ƙwaya na kwana biyu ko uku don kada ya dawo.

Yaron da maganin ya murɗe yana cikin hayyacinsa, yana jin ku, a tsorace kawai yake. In da zazzaɓi mai zafi ko suma, sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai za a fara nema. In numfashi ya fara fita da sauti, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

Mai Haɗa Magani:
Ƙari kaɗan. Mai shan Largactil ko haloperidol, magungunan taɓin hankali, kada a haɗa masa da Maxolon, su ma aikin dopamine suke tarewa. Babba ma kada ya wuce kwana 5 yana sha. Tsohon da ya yi watanni a kai yana iya kamuwa da motsin baki kamar mai tauna goro, wanda wani lokaci ba ya tafiya ko an daina.