Zan iya mai da Hiace ɗina gida, in riƙa leƙa Jibiya da Katsina lokacin hunturu?

Tsohon Direba, Bagalam:

Assalamu alaikum jama'a. Autana ne ke danna mini wayar, ni nake faɗa, in kun ga kuskure shi za ku kama.

Shekara 31 na yi a kan sitiyari, Maraɗi zuwa Yamai, Maraɗi zuwa Damagaram, lokacin da ƙarfi ke nan har Kano nakan kai lodi. Bara na ajiye. Baya ya ƙi, ido ma da dare sai a hankali. Abin da na tsira da shi Hiace guda ce mai tudun rufi, inji garas, kujeru ne kawai suka mutu. Gidan da nake ciki a nan Maraɗi na gado ne, mu bakwai ke da haƙƙi, kuma an fara zancen a sayar a raba. Na yi lissafi, kasona ba zai sayi ko kango a cikin gari ba. Uwar yara shekara uku ke nan da rasuwa, yaran kowa ya kama gabansa, autan ma wurin yayansa yake kwana.

To shi ne ya nuna mini a waya wasu tsofaffin Turawa a Amurka da suka sayar da gida suka tare cikin mota ɗungurungum, da gado da murhu da makewayi. Wai in sanyi ya shigo sai su gangara kusa da iyaka, da safe su tsallaka wata ƙasa su ga likita su yi sayayya, da yamma su dawo. Tun ranar abin yake ci mini rai. Na ce ni ma ai ga iyaka nan a bakin ƙofa. In cire kujeru, kafinta ya buga mini gado, in hunturu ya kama in koma wajen tafkin Madarunfa in kafa, in riƙa leƙa Jibiya, ko Katsina inda ɗiyata ke aure, in dawo kafin magariba.

Wanda ya ga abin nan da idonsa ya gaya mini yadda yake. Sannan a wurinmu zai yiwu? Kada a ji nauyina.

Ɗan Zariya a Amurka:

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ni ɗan unguwar Zariya ta Maraɗi ne, ina zaune a Girinsboro, tirela nake ja. Tsakanin Nuwamba da Maris nakan je Yuma a jihar Arizona ɗaukar ganyen latas, don a watannin sanyi yawancin wanda ake ci a Amurka daga can yake fitowa. Mutanen da ka gani a waya kullum muna haɗuwa a gidan mai da wurin wankin kaya.

Motar RV suke ce mata. Akwai mai girman bas ɗin Yamai, akwai wadda ake ja da a-kori-kura, akwai ƙarama irin taka. Su kuma masu ita ana musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, don suna gudo wa sanyin arewacin ƙasar da na Kanada, lokacinsu sananne ne kamar zuwan shamuwa. Kuma hamada suke zuwa fa. Yuma a Janairu da rana digiri 20 ne da ɗan wani abu, a Yuli kuwa sai ta haura 40, kamar Afrilunmu. Saboda haka Afrilu na kamawa ka neme su ka rasa, sun tayar sun koma arewa inda ake shan iska. Zaman mota yana yi musu ne don suna da inda za su gudu wa zafi.

Arewa da Yuma, tafiyar awa ɗaya da rabi, akwai wani ƙauye Kwatsait. Mazaunansa ba su kai dubu uku ba, amma a Janairu motoci ne iyakar ganinka. Filin na gwamnatin tarayya ne. Akwai inda za ka zauna kyauta kwana 14 sannan ka matsa, akwai inda kake sayen takardar zama daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. Da na tambaya shekarun baya dala 180 ce, dalar Amurka fa Baba, ba tamu ta sefa biyar ba. Cikin kuɗin nan akwai famfo, da wurin zuba shara, da ramin juye ƙazanta.

Wannan na ƙarshen shi ne ba a ɗauka a waya. Motar tanki uku gare ta: na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo, ya ba saba'in baya, ya sa safar roba ya tsuguna, ya ɗaura wani tiyo mai kauri a ƙarƙashin motar ya ja murfi, matarsa ta take ɗaya bakin da ƙafa kada ya fizge ya yi musu wanka. Mota ce ta kuɗi masu yawa, amma duk mako sai an yi tsugunon nan.

Iyakar da suke tsallakawa kuwa, garin Algodones ne a Meziko, bai wuce minti 20 daga Yuma ba. Ɗan ƙaramin gari, amma likitocin haƙori ɗaruruwa ne, ga masu gilashin ido da kantunan magani ƙofa-ƙofa. Dalili shi ne inshorar lafiya da gwamnati ke ba tsofaffi, Medicare, asalinta ba ta biyan gyaran haƙori na yau da kullum ko gilashi, kuma a nan aikin haƙori tsada gare shi ba kaɗan ba. Sai dai yawancinsu ba sa shiga da motar. Daf da ƙofar akwai babban fili na wata ƙabila ta ƴan asalin ƙasar, ka biya ƴan daloli ka ajiye, ka taka da ƙafa. Inshorar motar Amurka ba ta aiki a Meziko, kuma wa zai so ya kai gidansa kacokan gaban masu bincike? Na shiga sau ɗaya an cire mini haƙori. Shiga minti biyar, dawowa na fi awa a layi, auduga a baki, fasfo a hannu.

Ni kaina cikin tirela nake kwana kusan mako uku a wata. Gado akwai, firij akwai. Inda abin ke taɓa ni asuba ce, in sallame in duba dama da hagu babu wanda zan miƙa wa hannu.

Bakanike, Sabon Gari:

Alhaji ni maganar ƙarfe zan yi, ita na sani.

Disamba da Janairu za ka ji daɗinta, sai dai ƙarfe ba ya riƙe ɗumi. Wajen ƙarfe huɗu na asuba sanyi ta ƙasa zai ratso ka, sai an shimfiɗa katako an bi shi da soso, jikin ma a liƙe. Kuma don Allah, komai sanyi kada ka shigar da kaskon gawayi ka rufe gilashi. Iskar da yake fitarwa ba a ganinta ba a jin warinta, mutum barci zai yi ya zarce. Tukunyar gas ma a waje za ka kunna.

Wuta: farantin sola guda a rufi, da batir nasa daban. Kada yaro ya ruɗe ka ya haɗa da na inji, da safe sai neman masu turi. Zai riƙe maka fanka da ƙwan lantarki biyu da cajin waya. Firij ka cire shi daga rai. Farantin kuma a hunturu kullum sai ka hau ka goge, ƙurar kwana uku ta isa ta rage masa ƙarfi.

Inda gizo ke saƙar daga Maris ne zuwa faɗuwar ruwa. Mu nan in mota ta yini a rana sai mun buɗe ƙofofi mun jira kafin a iya kama sitiyari. Ɗan'uwa ya ce su can in zafi ya zo arewa suke gudu. Kai Alhaji arewarka Agadas ce.

Direban layin Ɗan Isa:

Kawu barka da hutawa. Ka riga mu sanin hanyar nan, amma ta canza tun bayan da ka daina bi, bari in tuna maka.

A Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020, ta Jibiya ma sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024. Duka biyun babu wanda ya yi mana sallama, mun wayi gari ne muka ga sanda a gicciye. Mai motar haya in abin ya rutsa da shi a wancan gefen, mota ce ta maƙale, shi zai san yadda ya yi ya iso gida. Kai kuwa gidan ne zai maƙale, da gadonka da takardunka da tukunyarka. Sannan tun Janairu 2025 mu Nijar mun fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka maganar takardun shiga da mota, lese-pase da inshorar da ake karɓa a can, kada ka dogara da abin da ka sani da. Ka je ofishin duwan, wato kwastan, da wurin masu inshora ka ji daga bakinsu kafin ka tayar.

Ko takardu sun cika, ka duba siffar motar. Hiace babu kujeru, labule a gilashi, ciki ga katifa ga gas ga bido, wato jarka, huɗu biyar. Kai ka san ruwa ne, wanda ke shinge bai sani ba sai ya kwance ya sunsuna, kuma aikinsa ke nan. Daga Ɗan Isa zuwa Magama zuwa Katsina ka ƙidaya sau nawa za a ce buɗe baya. Kilomita kamar 90 ce daga Maraɗi, amma da irin motar nan rana za ta yi tsaka ba ka ga ƙofar gidan ɗiyarka ba. Abin da ɗan'uwanmu na Amurka ya ce Turawan na yi shi ne daidai a nan ma: bar ta a wannan gefen, ka sa katin ɗan ƙasa a aljihu, ka canza ƴan jikkokinka zuwa naira, ka shiga ta haya. In hazo ya sauka kada a yi sammako, a bari gari ya waye sosai. Da la'asar sakaliya kuma ka kasance ka juyo.

In arhar mai kake hange, wannan ta wuce tun da aka cire tallafi a can a 2023, tambayi ƴan ruwa-ruwa ka ji.

Kwana a bakin tafki kuwa, Kawu, ban yarda ba sam. Ka je da rana ka ci kifi ka sha iska, ba laifi. Amma yankin nan na iyaka, daga ɓangaren Madarunfa har dajin Jibiya, ka san abin da masu bindiga ke yi na satar shanu da mutane. Dattijo shi kaɗai cikin mota mai sola a kai, wanda ya hango zai ɗauka kuɗi ne ke kwance.

Hajiya Mai Ƙuli:

Yaya kowa ya yi ta batir da takardu, ni tambaya gare ni. Ɗiyarka ta Katsina in ta haihu ta zo wanka, ina za ta sauka? Ranar salla jikoki su zo gaisuwa, a wace tasha za su neme ka? In zazzaɓi ya kwantar da kai cikin dare, wa zai ji tarinka ta katanga? Su Turawan da matansu suke yawo, ka ji dai wadda ta take tiyo.

Kason naka bai sayen gida a cikin gari, na yarda. Amma zai iya sayen ɗan fili a bayan gari inda mutane suka fara zama. Ka zagaye ko da darni ne, a haƙa masai, a kafa rumfar zana mai tsawo, ka shigar da motar ƙarƙashi. Ka kwana cikinta da sanyi tun da ranka na so, in zafi ya zo ka fito da tabarma tsakar fili kamar kowa. Ɗaki kuma a yi shi a hankali, bulo ɗari yau, ɗari gobe.

Tsohon Direba, Bagalam:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaron ya karanta mini duka, ta Bakanike sau biyu, maganar Agadas ta ba ni dariya har da tari.

Ɗana na Amurka, Allah ya tsare hanya. Zancen tiyon nan da ban ji ba da na yi ta tunanin gado da labule kawai. Tafki na haƙura. Shiga da motar Najeriya ma na haƙura, ranar da zan je Katsina zan neme ka ɗana na layin Ɗan Isa, amma gaba zan zauna, ban iya zaman baya ba.

Hajiya kin taɓa ni inda ke ciwo, ɗiyar tana da ciki wata shida. Amma kujerun sai na cire, wannan kam ba fashi. Wani abokina na da kango a hanyar Tibiri, da rijiya da masai, ya ce in shigar da ita in gwada kwana goma a Disamba in ji yadda baya zai ce.

Bakanike, katakon da za a shimfiɗa wane kauri ne, kuma soson na katifa ne ko akwai nasa daban? Jibi Juma'a in an sauko masallaci zan zo da ita ka auna. Ƙofar gefe ma tana cijewa, sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa.