Likita biyu, robot ɗaya, wa zan ba Baba?

'Yar Baba: Salam 'yan uwa, don Allah shawara, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Babanmu shekara 66, tun bara yake tashi fitsari sau biyar cikin dare yana ɓoye mana sai da Mama ta gaji ta faɗa wa yayana, shi kuwa yayana ba ma shiri sosai tun wata rigima, to dai an yi gwajin jini na PSA an ɗebi nama, kansar furostet ce (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza), makin tsananinta wato Gleason 3+4. Za a cire da robot ɗin nan mai suna da Vinci. Likitan da ke ganinsa matashi ne, har zama ya yi ya zana mana a takarda, ya ce ya yi aikin kusan 40. Akwai babba da ya yi ɗaruruwa amma sai bayan wata uku. Ni na riga na ce wa matashin to.

Kawu: 'Yata jira babban. Robot ba shi ke aikin ba, likita ne zaune gefe ya kifa fuska a allo yana juya hannayen. Jijiyoyin mazakuta manne suke a jikin furostet, tsokar riƙe fitsari tana dab da ita, kuskure kaɗan sai pampas. An yi bincike a Amurka 2007, wanda likitansa ya yi aiki 10 kacal kusan 18 cikin 100 ciwon ya dawo musu cikin shekara 5, mai aiki 250 kuwa kusan 11.

Anti Nas: Kawu wancan binciken fa na yankan ciki ne, ba robot ba. Ƙanwata tambayi matashin marasa lafiyarsa nawa aka samu kansa a gefen naman da aka cire, nawa suka daina yoyon fitsari bayan shekara, kuma babban zai tsaya kusa ranar?

Kawu: Hannu dai hannu ne Anti.

Maman Biyu: Hmm, nawa mijin babban farfesa ne ya yi masa, ko leƙo mu bai yi ba bayan aiki, robar fitsari ta toshe da dare muna kira babu mai ɗagawa. Har yau ina jin haushi wallahi. Ni da gashi da haske (radiotherapy) muka zaɓa.

'Yar Baba: Kawu ku ba ku ga yadda Baba ya saki jiki da yaron nan ba ne. Kuma wata uku kansa na cikin jikinsa??

Anti Nas: 3+4 yawanci ba ta gudu haka, amma likitansa ne zai faɗa, hoton MRI me ya nuna?

Kawu: Sakin jiki ba ya ɗinke mafitsara.

'Yar Baba: Takardar MRI na hannun yayana. Ni dai ba zan iya komawa in ce masa mun fasa ba.