Abin da na tsinta a hirarmu kan zuwa kallon beyar a Alaska

Ƙanwata da ke karatu a Amurka ce ta ce gabanta na faɗuwa, domin ajinsu zai je gandun dajin Katmai a watan Yuli, lokacin da beyar ke taruwa a kogin Brooks suna cafke kifin salmon. Sai na tambayi waɗanda suka taɓa zuwa.

Bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: kada ki gudu. Gudu na sa dabbar ta biyo mutum, kuma tana iya zarce kilomita 50 a awa, ƙafa ba ta tsira. Idan kun yi kiciɓis a hanya, ki yi magana a natse, ki ja baya sannu a hankali, ki ba ta hanya. Wata ta ce ranar da hakan ya same ta, gwiwoyinta har rawa suke, tana jin hucin numfashin beyar ɗin, amma ya wuce ko kallonta bai yi ba. Kifi ne a gabansa.

Ana saukowa daga ƙaramin jirgin da ke sauka kan ruwa, ma'aikatan gandun za su karantar da kowa dokoki: tazarar yadi 50 tsakanin mutum da beyar, ba yawo da abinci, a riƙa surutu kada a firgita dabba. Wannan darasin, a ganina, shi ya fi rage tsoro. Sansanin kwana ma kewaye yake da wayar lantarki.

Wani dattijo ya ƙara da cewa ƙanwata ta fara da dandamalin kallo mai tudu, kusa da ma'aikaci, ta ajiye kyamara tukuna har zuciyarta ta kwanta.