Wai littafin Multatuli ne ya kashe mulkin mallaka?

Bakatsine: Salam jama'ar gida. Jiya da dare na ƙarasa Max Havelaar, fassarar Turanci na samu, wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. Wanda bai san shi ba, wani Bature ne ɗan Holan, Eduard Douwes Dekker, ya rubuta shi a 1860 da sunan aro Multatuli, da Latin ma'anarsa na sha wuya da yawa. Babban marubucin Indonesiya Pramoedya Ananta Toer ya rubuta a New York Times a 1999 cewa wannan ne littafin da ya kashe mulkin mallaka. Ni kam na sa hannu, wanda bai yarda ba ya fito fili.

Ɗan Damagaram: Na fito. Littafi ya fita 1860, Indonesiya ta yi shelar 'yanci 17 ga Agusta 1945, Holan ba ta ma saki ba sai Disambar 1949 bayan an zubar da jini shekara huɗu. Wane irin kisa ne wannan da gawa za ta yi ta yawo shekara kusan casa'in tana cin kasuwa?

Ƙanwar Kowa: Yaya Bakatsine don Allah a fara ba mu labarin tukun, ba kowa ya karanta ba, kar ku yi ta dambe mu muna kallo ba mu san ramin da ake tonawa ba

Bakatsine: To ƙanwata saurara. An haifi marubucin a Amsterdam 1820, babansa matuƙin jirgin ruwa ne, yana ɗan shekara 18 ya bi jirgi zuwa Batabiya wato Jakarta ta yanzu ya shiga aikin gwamnatin mallaka. Lokacin akwai wani tsari da Gwamna Van den Bosch ya kafa a 1830, a takarda an ce kowane ƙauye a tsibirin Jawa na Indonesiya ya ware kashi ɗaya cikin biyar na gonarsa ya noma wa gwamnati kofi ko rake ko baba, amma a zahiri abin ya wuce haka nesa, tunda su Turawan da sarakunan gargajiyar duk ana ba su kamasho gwargwadon yawan amfanin da yankinsu ya kawo, ka ga kuwa an ba kura ajiyar nama, har yunwa ta kashe mutane a Demak da Grobogan wajen 1849 alhali jiragen kaya na ta tashi cike zuwa gwanjon Amsterdam. A Janairun 1856 aka tura shi yankin Lebak a Jawa a matsayin mataimakin Razdan, ya tarar sarkin yankin, Karta Natanegara, shi da mutanensa suna ƙwace wa talakawa baunar noma, irin shanun huɗarsu ke nan, suna sa su aikin tilas kyauta. Ya kai ƙara wajen Razdan aka ce ya bi a hankali, ya tsallake zuwa Gwamna Janar aka tsawata masa, sai ya ajiye aikin, wata uku kacal ya yi a kujerar. Bayan shekara uku yana fama da talauci a wani ɗan ɗakin masauki a Brussels ya zauna cikin 'yan makonni ya zazzage duk abin a littafi.

Ƙanwar Kowa: Ikon Allah, Razdan kuma? Kamar labarin da kakanmu ke bayarwa

Malamin Tarihi: Shi ne fa 'yata. Baturen mulki a sama, sarkin gargajiya a ƙasa yana karɓo haraji, talaka a ƙarƙashin su biyun. Wanda ya ji labarin En'e da jangali a bakin tsofaffi ba zai sha wahalar gane Lebak ba. Amma Bakatsine ka bar rabin labari a aljihu. Mutumin nan ƙarar wa ya kai? Sarkin gargajiya, ɗan ƙasa. Kuma a shafin ƙarshe da ya karɓe alƙalami daga hannun mutanen labarin ya yi magana da bakinsa, Sarki Willem na Uku ya fuskanta, yana tambayarsa ko da yardarsa ake zaluntar talakawansa sama da miliyan talatin da sunansa. Talakawan SA ya ce. Bai ce Holan ta tattara ta bar Jawa ba, cewa ya yi ta yi mulkin da adalci. Mai gyaran gida daban mai rushe gida daban.

Bakatsine: Ranka ya daɗe Malam na ji, amma ai Pramoedya bai ce nufin marubucin ke nan ba, sarƙa ya lissafa. Littafin ya kunyata Holan, kunyar ta kai ga manufar nan ta 1901 da Sarauniya Wilhelmina ta sanar cewa akwai haƙƙin mutanen ƙasar a wuyansu, aka buɗe makarantu, daga makarantun su Sukarno da Hatta suka fito, su kuma suka kori Baturen. Kartini ma da suke ji da ita kan ilimin mata ta karanta shi. Ai wanda ya shuka dabino ba lallai shi zai sha ba.

Ɗan Damagaram: Da irin wannan sarƙar ai ni ma zan iya cewa kakata ce ta kori Faransa daga Nijar tunda ita ta yi wa malamin makaranta fura. Shekara 41 tsakanin littafin da manufar. Makarantun kuma akawu suke so su samu mai arha, a ƙidayar 1930 'yan ƙasa masu iya karatun boko ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin da ya karya Holan a can Japan ce da ta shigo 1942 ta watsa su cikin 'yan makonni kowa ya ga ashe Bature ma yana gudu, sai matasan da suka ɗau bindiga da gora mai tsini, sai Amurka da ta matsa musu lamba da maganar kuɗin tallafi. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa mana.

Uwar Biyu: Ni duk wannan ba shi ne damuwata ba. Ku maza kun zauna kuna ta gwarzo gwarzo ba wanda ya tambayi Tine matar marubucin. Mutum ya ajiye aiki ba shiri, ya bar mace da 'ya'ya biyu suna raɓe-raɓe a gidan dangi, shi yana gidajen caca a Jamus wai ya gano dabarar cin banki, bashi ko'ina, ga 'yan mata yana rubuta musu wasiƙu kuma bai ma ɓoye mata ba, ƙarshe baiwar Allah a Italiya ta mutu 1874, shekara na zagayowa ya auri Mimi wadda dama suna tare tun matar na da rai. Mai kukan baunar talakan Jawa ga tasa gonar ciyawa ta cinye. Allah ya raba mu da inuwar giginya.

Bakatsine: Anti wannan kam ba ni da bakin karewa. Sai dai muhawarar littafi muke ba neman aurensa muka zo ba 😄

Uwar Biyu: A'a ƙanina ba za ka zille ba, shi ya sa kansa a littafin. Havelaar ɗin, jarumin labarin, ai shi ne, ya zana kansa waliyyi mai rabar da kuɗinsa ga mabukata, ya zana Tine mace mai haƙuri da ba ta taɓa cewa uffan. Tunda ya kawo gidansa kasuwa dole a taya.

Malamin Tarihi: Hajiya ta taɓo wajen. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi a wajena. Kafin a buga littafin an san da shi a sama, kuma shi da kansa ya nuna zai iya barin bugawa in za a wanke sunansa a mai da shi aiki da babban muƙami, har kujerar majalisar mulkin Indiyan Holan, wato Indonesiya ta yanzu, ya sa wa ido. Ba su daidaita ba shi ya sa muka samu littafi. Sannan tun yana Natal a Sumatra wajen 1843 an taɓa dakatar da shi kan gibi a asusun ofis. Ban ce ɓarawo ne ba, da alama sakaci ne da lissafi, amma mutum ne mai ciwon kansa a rai ƙwarai. Wani masanin Holan haifaffen Jawa, Rob Nieuwenhuys, ya yi rubutu cewa gaggawa ta yi masa yawa a Lebak, bai fahimci al'adar da ke tsakanin sarki da talakawansa ba ya afka.

Bakatsine: Malam da girmanka, wannan ta al'ada ita ce ba zan haɗiya ba. Kullum in za a danne talaka sai a ce al'ada, gaisuwa ce ba ƙwace ba, shi ya kawo da kansa. Ai bayan tafiyarsa gwamnatin da kanta ta yi bincike aka tarar ƙorafin na da tushe har aka tuɓe wani hakimi, shi kuwa sarkin aka bar shi a kujera. To wa ya yi gaggawa? Kuma ko da neman muƙami ya yi, labarin Saijah da Adinda da ke cikin littafin ba na neman muƙami ba ne. Yaro ne da ake ta ƙwace wa ubansa bauna, ya sayar da kayan gado ya sayi wata a sake ƙwacewa, har wadda ta taɓa ceton yaron daga damisa aka tafi da ita aka yanka, ya tafi Batabiya aikatau shekara uku ya tara kuɗin aure, suka yi alkawari da yarinyar za su haɗu a gindin wata bishiya, tana tsaga zane a turminta duk wata don kar lissafi ya ɓace mata, ya dawo ya zauna a gindin bishiyar tun asuba rana ta fito ba ta zo ba, ashe su ma an ƙwace tasu baunar sun gudu Lampung, ya bi su ya tarar sojan Holan sun cinna wa ƙauyen wuta ga gawarta, sai ya ruga ya faɗa kan tsinin bindigoginsu. A nan fa ba sarkin gargajiya ya kashe ta ba Malam, sojan Sarkin Holan ne, kuma ya faɗa ƙarara a 1860.

Ƙanwar Kowa: Innalillahi. Wannan ai ko a gidan rediyo aka karanta sai an yi kuka

Ɗan Zangon Kumasi: Ina ta karatu shiru. Abin da zan ƙara, mu nan abin bai yi mana nisa ba, sojan da ake magana har da baƙaƙen fata a ciki. Daga 1831 zuwa 1872 Holan ta kwashi mutum wajen dubu uku ta Elmina da ke Ghana ta yanzu zuwa Jawa, ta ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua a 1837, da yawansu bayi ne da aka gangaro da su daga arewa aka ce wai an 'yanta su sun shiga soja. Can ana ce musu Belanda Hitam, baƙaƙen Holan. Har yau akwai tudun da ake kira Java Hill a Elmina inda waɗanda suka dawo suka zauna. Littafin ya fita ana ci gaba da kwasar su har shekara goma sha biyu.

Ɗan Damagaram: Yawwa. Kuma da aka fara sassauta noman tilas a 1870 me ya biyo baya? Kamfanoni masu zaman kansu, gonakin taba a Deli ta Sumatra da dokar lebura ta 1880 wadda in ka gudu daga aiki a kamo ka a hukunta. Kofi kuwa da sunansa ke cikin cikakken taken littafin an ci gaba da tilasta nomansa har cikin ƙarni na 20. Sannan 1873 suka buɗe yaƙin Aceh a arewacin Sumatra shekara talatin ana kashe musulmi. Mallakar ma bayan littafin ta ƙara faɗi.

Bakatsine: Aceh ɗin ma shi ya riga kowa, a 1872 ya rubuta wa sarki buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa ana ƙulla dalilin ƙarya don a ƙwace ƙasar. Ba a saurare shi ba. Laifinsa ne?

Ɗan Damagaram: Ka ga ka dawo hanya da kanka, ba a saurare shi ba. To yaya wanda ba a saurara ba ya yi kisa?

Malamin Tarihi: Shi ma abin da ya ci masa rai ke nan har ya mutu a Jamus 1887, ana ta yabon daɗin rubutun ba a yin komai a kai. Ni inda na sara masa shi ne Droogstoppel, dillalin kofin nan na Amsterdam mai zuwa coci da ya buɗe littafin da bakinsa, wanda komai sai ya auna da riba, a wajensa waƙa ƙarya ce tunda ba ta kawo kwabo, talaucin mutanen Jawa kuma hukuncin Ubangiji ne. Ya sa ɗan Holan ya yi dariya kafin ya farga kansa yake wa. Har yau sunan ya zama abin zagi a harshensu. Harshen rubutun Holan kuwa ya sauko da shi daga na mumbari zuwa na bakin mutane, wannan ba mai musu, shi ya sa a 2002 ƙungiyar adabinsu ta zaɓe shi a kan gaba. Wannan kisan na yarda ya yi.

Uwar Biyu: Malam kai ma ka fara zamewa wajen Bakatsine ke nan

Malamin Tarihi: A'a Hajiya, adabi na ba shi, mallaka ban ba shi ba.

Ƙanwar Kowa: Su mutanen Lebak ɗin fa, suna ma san da shi?

Bakatsine: Akwai gidan tarihi da sunansa a Rangkasbitung, babban garin Lebak, 2018 aka buɗe. Fassarar harshen Indonesiya kuma H.B. Jassin ya yi a 1972. A Holan ma tambarin cinikin adalci na farko da aka manna wa kofi a 1988 Max Havelaar aka sa masa.

Ɗan Damagaram: 1972?? Wato sai da aka shekara 27 da shelar 'yanci kafin manomin da aka rubuta don shi ya samu littafin a harshen ƙasarsa. Bakatsine ka riƙe wannan zan dawo bayan la'asar, an kira salla nan.

Uwar Biyu: In ka dawo ka taho min da amsar Tine, har yanzu ba wanda ya ba ni.