Wai 4K a diron na sha'awa, amfani ne ko ɓarnar memori?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na ce wanda ba sana'a yake da diron (ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara) ba, ɗauka da 4K, wato bidiyo mai ɗigon hoto da yawa, wahalar da kai ce. Diron DJI Mini 2 tana ɗaukar 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa, wato minti ɗaya ya cinye kusan mega 750. Minti 10 ka tashi da giga 7 da rabi. Kuma ina bidiyon zai ƙare? A WhatsApp, wanda zai matse shi ya koma kamar an ɗauka da tsohuwar waya.

Ɗan Dala: Yaya, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake yanka. 4K faɗinta 3840, tsayinta 2160, ninki huɗu na ɗigon bidiyon 1080, wato mai tsayin ɗigo 1080. Mini 2 ba ta ɗauka a tsaye. In za ka sa a TikTok dole ka datse gefe da gefe. Daga 4K faɗin 1215 zai rage maka, ya ishi 1080. Daga 1080 kuwa 608 kacal za ka samu, fuskokin mutane duk sun dagule.

Maman Hanan: Wannan gaskiya ne. Ranar hawan Daushe ba wanda zai bari ka sauko da jirgi kusa da dawaki, su firgita a zuba ka a uku. Daga nesa ake tsayawa, a jawo hoton wajen editin.

Baban Khalifa: Hajiya, a jawo da wace kwamfutar? Laftof ɗina in na ɗora masa 4K sai fankarsa ta hau kuka, bidiyo yana tafiya yana cijewa. Ga wuta ba tabbas.

Injiniya: Ku tsaya, kun kama reshe kun bar tushe. Yawan ɗigo daban, kyan hoto daban. Idon kyamarar Mini 2, wato sensa mai karɓar haske, inci 1/2.3 ne, na Mini 4 Pro 1/1.3, ya fi girma, ya fi shan haske. Dukkansu 4K aka rubuta a kwali. Ku tashe su da almuru a kan Dala ku gani: na farkon duk yashi-yashi zai cika inuwa. Babban diron Mavic 3 da ake yabo, ba 5.1K ɗinta ce sirrin ba, idonta na 4/3 ne. Lokacin hazo kuwa ko me ka ɗauka da shi fari fat zai fito.

Ɗan Dala: To Injiniya kana bayan wa?

Injiniya: A ɗauka da 4K, a fitar da 1080. Amma wanda zai sayar da babur don ya haura 4K, ban goyi bayansa ba.

Maman Hanan: Kuma katin memori ma abin lura ne. In ba alamar sauri ta V30 ko U3 a jikinsa, ɗaukar na iya katsewa jirgi yana sama. Na jabu sun yi yawa a kasuwa.

Baban Khalifa: Kun ga ni? Sabon kati, sabon hard disk, sabuwar kwamfuta. Duk don abin da surukata za ta kalla a waya.

Ɗan Dala: Yaya, nan da shekara goma a babbar talabijin Khalifa zai kalle shi, ba a waya ba.

Baban Khalifa: In ya girma ya sayi nasa jirgin. Ni a 2.7K zan tsaya, tsakanin 1080 da 4K, a raba gardama.