Banish ya ƙi bushewa a kan tsohon teburin iroko

Assalamu alaikum. Kafintoci da masu fenti, ina neman shawararku.

Teburin cin abinci ne na katakon iroko, a Agege. Na kankare tsohon banish, na bi shi da sanfefa lamba 80, sai 120, sai 220, na share ƙura. Shafin farko na banish mai mai, polyurethane, na sirka kashi 1 na tina (ruwan tsarma fenti) cikin kashi 4 na banish, na shafa siriri da burushi. Gwangwanin ya ce awa 24 ya isa. Mako ya wuce saman yana danƙo, yatsa na barin shaida, sanfefa kuma cushewa take yi maimakon ta fitar da gari.

Ƙafafun sun bushe ƙayau, saman ne kawai ya ƙi. Don haka nake ganin ba raɓar daminar Legas kaɗai ba ce. Iroko katako ne mai maiƙo, maiƙon na hana irin wannan banish kamawa, kuma saman ne ya sha man goge kayan ɗaki shekara da shekaru. Gefe guda ma ya yi 'yan ramuka kamar idon kifi.

Shin in kankare duka, in goge katakon da asiton (sinadarin cire maiƙo) kafin sabon shafi? Ko shelak (wani irin banish mai saurin bushewa) mara kaki zai iya rufe maiƙon a matsayin shafin ƙasa? In shelak ne, shafi nawa, kuma awa nawa tsakani a wannan yanayi? Ba na son fenti ya rufe zanen katakon. Allah ya saka da alheri.